Abu Zaid al-Balkhi: Malamin da ya koyar da riƙe linzamin zuciya

Da wuya a sami gidan da babu wanda ya san wannan hali. An kashe fitila, kowa ya yi barci, amma mutum ɗaya yana kwance idonsa biyu, zuciyarsa tana ta saƙa da warwara. Ɗan ciwon da ya ji a ƙirji da rana ya zame masa sanarwar ajali. Yaron da ya yi jinkirin dawowa, zuciya ta riga ta kai shi asibiti. Ɗalibi ya buɗe littafi, wata murya a cikinsa tana gaya masa cewa ba zai ci jarrabawa ba ko ya kwana yana karatu. Wani kuma yana tsugune da buta, ya wanke hannu sau bakwai, har an tayar da salla bai gamsu cewa alwalarsa ta yi ba.

Mafi yawan masu fama da wannan ba sa faɗa. Suna tsoron a ce imaninsu ya yi rauni, ko a ce sun sami taɓin hankali. Saboda su ne muka ɗauko tarihin wani malami na Khurasan wanda ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce, ya ɗauki waɗannan saƙe-saƙe a matsayin ciwo mai sababi kuma mai magani, ya rubuta musu babi na musamman kamar yadda likitoci suke rubuta babin zazzaɓi. Shi ne Abu Zaid Ahmad ɗan Sahl al-Balkhi.

Asalinsa da tashinsa

An haife shi wajen shekara ta 235 bayan hijira, wato 850 miladiyya, a wani ƙauye mai suna Shamistiyan kusa da birnin Balkh. Balkh tana arewacin Afganistan ta yau, ba nisa da Mazari Sharif. A wancan zamani tana cikin manyan biranen Khurasan, mahaɗar ayarin fatake tsakanin Indiya da Sin da ƙasar Farisa, har Larabawa suka yi mata laƙabi da uwar garuruwa. Daga cikinta ne zuriyar Baramika, waziran Abbasiyawa, suka fito. Ita ce kuma garin Ibrahim ɗan Adham da Shaƙiƙ al-Balkhi, waɗanda sunayensu suka cika littattafan zuhudu.

Mahaifin Abu Zaid mutumin Sijistan ne, sana'arsa koyar da yara. Gidan ba na sarauta ba ne, ba kuma na dukiya ba. Da yaron ya zama saurayi sai ƙishirwar ilimi ta hana shi zama. Ya bi ayarin alhazai a ƙasa, da ƙafafunsa, har ya isa Iraƙi. Ya zauna can shekara takwas yana bin malamai.

Babban malaminsa a Iraƙi shi ne Abu Yusuf Ya'aƙub ɗan Ishaƙ al-Kindi, wanda ake kira masanin falsafar Larabawa. A wannan zama Abu Zaid ya karanci falsafa da ilimin falaki da likitanci da ilimin ɗabi'un halitta, ya haɗa su da ilimin addini da na harshe. Yana da kyau mu lura cewa shi kansa al-Kindi yana da wata risala a kan dabarar kawar da baƙin ciki. Almajirin ya tashi a gaban malamin da yake ganin damuwar zuciya abu ce da ta cancanci a zauna a yi mata nazari.

Shekarun ruɗewa

Zaman Iraƙi bai kasance masa zaman natsuwa ba. Yaƙut al-Hamawi, wanda ya kawo tarihinsa mai tsawo a cikin Mu'ujamul Udaba, ya ruwaito cewa saurayin ya tafi ne yana karkata ga mazhabar Imamiyya, yana neman imamin zamani. Da ya kutsa cikin ilimai masu yawa sai hanyoyi suka rarrabu a gabansa. Wani lokaci ya koma neman imami, wani lokaci ya jingina al'amura ga taurari da hukunce-hukuncensu. Bagadaza ta lokacin cike take da zaurukan muhawara, kowace ƙungiya da hujjojinta, kuma baƙon da ya zo daga ƙauye da kaifin basira ya fi kowa saurin shiga ruɗani.

Bai dawwama a haka ba. Masu tarihinsa sun nuna cewa ya fita daga ruɗewar ya tsaya a kan tauhidi, ya bar gaskata hukuncin taurari a kan rayuwar mutane, bai riƙe daga ilimin falaki ba sai abin da lissafi ya tabbatar. Abin da muke so mai karatu ya riƙe a nan shi ne cewa mutumin da zai zo ya rubuta maganin saƙe-saƙen zuciya ya ɗanɗani zafinsu tun yana matashi. Ya san yadda tunani yake kama mutum ya ƙi sakinsa, ya kuma san cewa ana fita.

Komawa gida

Ya koma Balkh ya zauna yana koyarwa, kamar mahaifinsa, kafin sunansa ya kai fadoji. An siffanta shi da cewa siriri ne, mai matsakaicin tsawo, fatarsa ta yi duhu, fuskarsa da zanzana. Mutum ne mai yawan shiru da kwarjini, ba ya son jayayya a bainar jama'a, amma idan ya riƙe alƙalami sai a ga abin mamaki. Saboda kyawun rubutunsa aka yi masa laƙabi da Jahizin Khurasan. Abu Hayyan al-Tauhidi, wanda yabo ba ya fita daga bakinsa da sauƙi, ya jera shi tare da al-Jahiz da Abu Hanifa al-Dinawari a matsayin mutum uku da ya fifita a kan sauran marubuta.

Malamin wancan zamani da ba shi da gadon dukiya ya dogara ne ga ihsanin manya, kuma wannan dogaro yana da farashi. Ibn al-Nadim, mai littafin al-Fihrist, ya kawo cewa wani babban kwamanda mai suna Husaini ɗan Ali al-Marwarrudhi da ɗan'uwansa Su'uluk suna yi wa Abu Zaid ihsani a kai a kai. Husaini yana bin tafarkin Ƙaramiɗa, masu fassara nassi da ma'anoni na ɓoye. Da Abu Zaid ya rubuta littafi yana binciken irin waɗannan tawile-tawile, sai aka yanke masa ihsanin. Haka ya sake faruwa tsakaninsa da al-Jaihani, wazirin Samaniyawa, wanda shi ma ya daina aika masa kyauta bayan ya rubuta littafi a kan hadaya da yanka, domin abin da ke cikinsa ya saɓa wa aƙidar wazirin. Sau biyu ke nan yana rubuta abin da ya gamsu da shi alhali ya san wanda zai ɓata wa rai.

Daga ɗaya ɓangaren kuma, wasu sun zarge shi da ilhadi saboda karatun falsafa. Wanda ya tsaya masa shi ne abokinsa kuma ɗan garinsu, Abul Ƙasim al-Ka'abi, babban malamin ilimin kalam, wanda ya bayyana cewa an zalunci mutumin, kuma ya san shi mai kaɗaita Allah ne. Wanda aka yanke wa abinci ta nan, aka kuma taɓa masa addini ta can, yana da isasshen abin da zai hana shi barci. Abu Zaid ya ci gaba da rubutu.

A fadar Balkh

Wajen shekara ta 306 bayan hijira, wato 918, wani sarkin yaƙi daga Marw ya karɓi mulkin Balkh. Sunansa ya zo ɗaya da na malaminmu, Ahmad ɗan Sahl. Ya nemi Abu Zaid ya zama wazirinsa, Abu Zaid ya ƙi, ya yarda da muƙamin magatakarda kawai. Aka naɗa al-Ka'abi waziri a kan albashin dirhami 1,000 a wata, magatakarda kuma 500. An ruwaito cewa al-Ka'abi yakan umarci ma'aji ya cire dirhami 100 daga nasa ya ƙara wa abokinsa.

Daɗin bai daɗe ba. Sarkin ya yi wa Nasr ɗan Ahmad, sarkin Samaniyawa, tawaye. Aka ci shi da yaƙi, aka kai shi Bukhara a ɗaure, ya rasu a kurkuku a shekara ta 307. Abu Zaid ya riga ya mallaki gona a ƙauyensu na Shamistiyan, ita ce ta zame masa madogara a sauran rayuwarsa.

Akwai labarin da masu tarihi suka ji daɗin maimaitawa. Sarkin Samaniyawa ya aika masa ya zo Bukhara. Tsakanin Balkh da Bukhara akwai kogin Jaihun, wanda ake kira Amu Darya a yau. Da Abu Zaid ya isa bakin kogin ya ga faɗinsa da yadda ruwan yake tumbatsa, sai ya tsaya ya rubuta wa sarki takarda. Ma'anarta ita ce, idan saboda kyawun ra'ayinsa aka kira shi, to ra'ayin nan ya ba shi shawarar kada ya haye wannan ruwa. Sarki ya karanta, abin ya ba shi sha'awa, ya ƙyale shi ya koma gida.

Ana iya karanta labarin ta fuska biyu. Ko dai tsoron ruwa ne na gaske ya kama dattijon, ko kuwa hanya ce ta ladabi da mutumin da ya ga ƙarshen wani sarki ya bi don kauce wa wata fadar. Idan ta farko ce, to mun ga cewa wanda ya rubuta babin tsoro shi ma ɗan Adam ne, yana da abin da yake firgita shi, kuma wannan bai rage darajar abin da ya koyar ba. Likita ma yakan yi rashin lafiya.

Ayyukansa

Ibn al-Nadim ya lissafa masa littattafai sama da arba'in, a fannonin da suka haɗa da tafsiri, siyasar mulki, rabe-raben ilimi, harshe da ɗabi'u. Malamai sun yaba littafinsa Nazmul Ƙur'an ƙwarai. Mafi yawan waɗannan ayyuka sun ɓace. An fi saninsa a tarihi da Suwarul Aƙalim, littafin taswirori da ya raba ƙasashen Musulmi zuwa yankuna ashirin, kowane yanki da taswirarsa da bayaninta. A kan wannan tubali ne al-Istakhri da Ibn Hauƙal da al-Muƙaddasi suka yi gini, har masana suke kiran tafarkinsu da makarantar Balkhi a ilimin labarin ƙasa. Cikin almajiransa akwai Abul Hasan al-Amiri, wanda ya zama babban masanin falsafa a Naisabur.

Littafin da ya sa muke ambatonsa a yau shi ne Masalihul Abdani wal Anfus, wato abubuwan da suke gyara jiki da rai. Ya kasa shi gida biyu. Kashin farko yana da babi 14 a kan lafiyar jiki: muhalli, ruwa, iska, abinci, abin sha, barci, wanka, motsa jiki da sauransu. Kashi na biyu yana da babi 8 a kan lafiyar rai. A farkon wannan kashi ya koka da cewa likitoci sun cika littattafansu da cututtukan jiki sun bar na rai, alhali mutum yana iya yin shekaru bai kwanta ciwo ba, amma da wuya yini ya wuce bai ji fushi ko damuwa ko fargaba ba. Ya nuna cewa jiki da rai a sarƙe suke. Idan jiki ya yi ciwo, fahimta da karatu sukan tsaya. Idan rai ya yi ciwo, mutum yakan rasa daɗin komai, har abin ya kai shi ga kwanciya.

Tanadi kafin buƙata

Ginshiƙin koyarwarsa shi ne shiri tun ana lafiya. Ya ce kamar yadda mai hankali yake ajiye magani a gida don ranar da ciwo zai zo ba zato, haka ya kamata mutum ya tanadi tunani masu lafiya a zuciyarsa lokacin da take kwance, don ya ɗauko su ranar da ta tashi. Dalilinsa a fili yake. Wanda fushi ko firgici ya riga ya rufe wa ido ba ya iya ƙirƙiro sabon tunani a wannan lokaci. Abin da ya saba maimaita wa kansa tun da can shi ne zai zo masa.

Babban abin da ya ce a tanada shi ne sanin halin duniya: ba a gina ta a kan kowa ya sami duk abin da yake so ba, don haka wanda yake jiran rayuwa marar ɓacin rai yana neman abin da babu. Ya kuma ba da shawarar mutum ya horar da kansa da ƙananan abubuwa, ya koyi kau da kai daga ƙaramin ɓacin rai, domin wanda ya saba haƙuri da ƙarami shi ne zai iya ɗaukar babba. Ya ƙara da cewa kowa ya san gwargwadon ƙarfin zuciyarsa. Mai zuciyar da take iya ɗaukar manyan al'amura ya shige su. Wanda ya san tasa mai saurin karaya ce, ya nisanci kasada ko da ribar za ta ragu, don kwanciyar hankali ta fi masa ribar.

Fushi, tsoro da baƙin ciki

Ya ɗauki damuwa a matsayin tushen sauran cututtukan rai, kamar yadda farin ciki yake tushen lafiyarsa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A kan fushi ya fi jan kunnen masu iko, domin fushinsu yana faɗawa kan na ƙasa da su. Ya ba su shawarar su ajiye mutane masu hankali kusa da su, su ba su izinin yi musu magana idan ransu ya ɓaci. Ya kuma ce a tare fushi tun yana tasowa, kamar doki da ake ja wa linzami kafin ya zabura, a tuna da nadamar da take biyo bayan hukuncin gaggawa.

A kan tsoro ya ce mafi yawan abin da mutane suke fargaba ba ya faruwa, wanda ya faru ma sau da yawa bai kai yadda aka zata ba. Ya buga misali da mutumin hamada da ya je ƙasa mai sanyi ya hango hazo mai kauri, ya ɗauka wani abu ne daskararre da ba a ratsawa. Da ya shiga cikinsa sai ya tarar iska ce mai laima, yana shaƙarta kamar kowace iska. Ya lura kuma da cewa sabo yana kashe tsoro. Sojan da ya daɗe a fagen fama, da likitan da ya saba ganin rauni, da matuƙin jirgin ruwa da ya sha haɗuwa da igiyar ruwa, ba sa razana da abin da yake razana sabon shiga. Don haka mai tsoron abu ya riƙa kusantarsa sannu a hankali har zuciyarsa ta saba.

Baƙin ciki kuwa ya raba shi biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya. Maganin wannan tunani ne: mutum ya tuna cewa wasu sun riga shi shiga irin wannan kuma sun fita, cewa abin da ya rage masa ya fi wanda ya tafi, cewa zafin musiba ya fi tsanani a farkonta sannan ya yi ta raguwa, kuma kada ya ƙara wa asarar da ya yi asarar lafiyarsa. Akwai kuma baƙin cikin da yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili da ya sani ba, ya kashe masa jiki, ya ɗauke masa sha'awar komai. Wannan, in ji shi, asalinsa daga jiki ne, kuma yana buƙatar maganin likita tare da hira mai daɗi da abin da zai faranta rai. Wannan rarrabewa tana da amfani ga gidajenmu. Akwai ƙuncin da nasiha take warkarwa, akwai kuma wanda idan aka tsaya a kan nasiha kaɗai an bar mara lafiya ba magani.

Babin waswasi

Babi na ƙarshe ya keɓe shi ga waswasin ƙirji da zancen zuci, ya kuma ɗauke shi cikin mafi wahalar abin da yake samun ɗan Adam. Kowa yana zance da zuciyarsa, wannan ɗabi'a ce. Ciwon yana farawa ne idan tunani ɗaya ya maƙale, yana dawowa ba a kira shi ba, har ya hana mutum aikinsa da jin daɗin abincinsa da sauraron mai yi masa magana. Ya ce mafi muninsa shi ne wanda yake zuwa da tsoro, mutum ya riƙa ganin mutuwa ko cuta ko wata musiba tana dab da shi, ya riƙa fassara kowane abu da mafi munin fassara.

Ya yi bayanin sababinsa da ilimin likitancin zamaninsa, wanda yake jingina lafiya ga daidaiton ruwaye huɗu a jiki, ya danganta shi da rinjayen wanda suke kira sauda'u. Ya ambaci kuma cewa ana danganta shi ga Shaiɗan. Likitancin yau ya bar maganar ruwaye huɗu, amma abin da ya gina a kai yana nan: wani an halicce shi da saurin kamuwa da wannan, wani kuma daga baya yake samunsa, kuma a kowane hali mai fama da shi mara lafiya ne da ake yi wa magani.

Maganin da ya tsara ta waje yake farawa. Mai waswasi ya guji kaɗaici, domin zuciyar da ba ta da abokin zance da kanta take zance. Ya guji zaman banza, ya cika lokacinsa da aiki ko karatu ko wani abu na halal da yake jin daɗinsa. Ya sami amini mai hankali wanda ya yarda da ƙaunarsa, ya riƙa gaya masa abin da yake ji, shi kuma yana nuna masa inda tunanin ya kauce. Hujjarsa ita ce mutum yakan karɓi magana daga bakin wani fiye da yadda yake karɓa daga kansa, musamman lokacin da ra'ayinsa ya cakuɗe da abin da yake damunsa.

Ta ciki kuwa, ya ce a tanadi tunanin da za a mayar wa waswasin martani da shi. Mutum ya dubi mutanen da ke kewaye da shi, waɗanda suke cikin hali irin nasa, ya ga cewa abin da yake tsoro bai dame su ba, sai ya gane cewa daga cikinsa abin yake tasowa. Ya tuna sau nawa zuciyarsa ta yi masa irin wannan gargaɗi a baya bai tabbata ba. Ya lura cewa Allah Ya tsara halitta a kan hanyoyin tsira sun fi na halaka yawa: masu lafiya sun fi marasa lafiya, waɗanda suke warkewa sun fi waɗanda ciwo yake kashewa, kuma an gina jiki da ƙarfin kare kansa. Bai yi wa kowa alkawarin cewa tunanin zai daina zuwa ba. Abin da ya koyar shi ne yadda za a hana shi zama mai ba da umarni.

Inda ya haɗu da abin da muka karanta

Wannan koyarwa ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin addini. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wasu sahabbai sun kai kuka ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna jin abubuwa a zukatansu da suke ganin girman furta su. Bai tsawata musu ba. Ya sanar da su cewa wannan shi ne tsantsar imani, malamai kuma suka yi sharhi cewa ƙyamar da suka ji ga tunanin ita ce shaidar imanin. Bukhari da Muslim sun ruwaito kuma cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatanta suka saƙa matuƙar ba a furta ko an aikata ba.

Waɗanda suka karanta Ahalari da Risala sun san hukuncin wanda shakka ta aure shi a cikin salla. Ba a ce ya yi ta maimaitawa har ya gamsu ba. An ce ya watsar da shakkar, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kansa, ya yi sujada bayan sallama. Malaman fiƙihu sun gane cewa biye wa waswasi ciyar da shi ne. Abin da Abu Zaid ya ƙara shi ne ya faɗaɗa wannan fahimta daga kan buta da darduma zuwa sauran rayuwa, ya kuma tsara ta babi babi.

Saboda haka idan wani a gidanmu ya buɗe baki ya faɗi abin da yake damunsa, kada amsarmu ta farko ta zama tuhumar imaninsa. Mu zauna da shi, mu rage masa kaɗaici, mu sama masa abin yi, mu taimake shi da addu'a da zikiri. Idan abin ya hana shi barci ko ci ko aiki, ko ya fara maganar cutar da kansa, mu kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba, kamar yadda za mu kai shi idan ƙafarsa ce ta karye.

Rasuwarsa da dawowar littafinsa

Abu Zaid ya rasu a ƙauyen da aka haife shi a watan Zulƙida na shekara ta 322 bayan hijira, daidai da Oktoban 934, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Sunansa ya ci gaba da yawo a bakin masana labarin ƙasa, amma littafinsa na lafiyar jiki da rai ya shafe ƙarnoni ba a cika ambatonsa ba. Kwafinsa na rubutun hannu ya tsira a tarin littattafan Aya Sofiya da ke Istanbul. A shekarar 1984 Farfesa Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Frankfurt ta ƙasar Jamus. A 2013 Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, ya fitar da fassarar kashin rai da Turanci, ya nuna kusancinsa da hanyar da likitocin yau suke bi ta gyara tunani don gyara hali. A 2015 kuma Dakta Rania Awaad ta Jami'ar Stanford a Amurka da abokiyar aikinta suka wallafa nazarin da ya kwatanta bayaninsa na waswasi da ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa suke amfani da shi yanzu, suka sami dacewa mai yawa.

Ɗan malamin makarantar yara ne da ya taka ƙasa daga Balkh zuwa Iraƙi, ya ruɗe ya dawo hanya, aka yanke masa ihsani sau biyu, aka zarge shi a addininsa, ya ga faɗuwar sarkin da yake yi wa aiki, kuma ya bar wa masu kwana ido biyu abin da za su riƙe. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa. Mu kuma Ya tsare zukatanmu daga sharrin mai waswasi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.